George Grenville da harajin da ya kunna wutar juyin juya halin Amurka

Tambaya: A tarihin 'yancin kan Amurka ana yawan ɗora laifi a kan firaministan Birtaniya George Grenville, ana cewa tsaurinsa ne ya tunzura mutane. Mene ne takamaiman abin da ya yi, kuma me ya sa tsarin nasa ya wargaje tun ba a je ko'ina ba?

Amsa:

Malam, shekara biyu da wata uku kacal Grenville ya yi a kan kujera, daga Afrilun 1763 zuwa Yulin 1765, kuma ya rasu a Nuwamban 1770, shekara huɗu da 'yan watanni kafin a harba harsashin farko na yaƙin 'yancin kai a garin Lexington. Bai aika soja su harbi kowa ba. Tsaurinsa duk a takarda yake. Lauya ne da ya ƙware a lissafin baitulmali, kuma ya yi imanin cewa muddin doka ta ba majalisar Landan ikon karɓar kuɗi, to abin da ya rage aikin akawu ne kawai. A ganina nan ne kuskurensa yake. Ya toshe duk wata kafa da mutane suka saba shan iska ta cikinta, sannan ya damƙa zartar da dokar a hannun 'yan tsirarun ma'aikata da ke kwana a tsakiyar mutanen da aka fusata.

Sai an fara da halin da ya tarar. Yaƙin Shekara Bakwai ya ƙare da yarjejeniyar Faris a Fabrairun 1763. Birtaniya ta ci nasara, ta karɓe Kanada da ƙasashen gabashin kogin Mississippi daga Faransa, ta karɓe Florida daga Sifaniya. Amma bashin ƙasa ya tashi daga fam miliyan 70 da 'yan kai zuwa kusan miliyan 130, kuɗin ruwansa kaɗai yana cin fiye da fam miliyan huɗu a shekara. Masu gonaki a Ingila suna biyan sule huɗu a kan kowace fam ta kuɗin ƙasa, kuma harajin da aka ɗora wa giyar tuffa a 1763 ya jawo bore a yammacin Ingila. Gwamnatin Lord Bute da ta gabace shi ta riga ta yanke shawarar ajiye soja kimanin dubu goma a Amurka. An ƙiyasta za su ci fam dubu 200 da wani abu a shekara, daga baya kuɗin ya haura dubu 300. A Mayun 1763 kuma ƙabilun asalin ƙasar ƙarƙashin Pontiac suka far wa sansanonin Birtaniya a yankin manyan tafkuna, abin da ya sa aka gaggauta jan layi a Oktoba aka hana fararen fata tsallaka duwatsun Appalachia su kama fili. Grenville ya duba littafi ya ga Bature a Ingila yana biyan haraji kusan sule 26 a shekara, na Massachusetts kuwa bai wuce sule ɗaya ba. A wurinsa magana ta ƙare.

A nan ya kamata mai karatu ya cire hoton mulkin mallaka irin wanda aka yi a ƙasar Hausa. Mutanen yankuna goma sha uku na Birtaniya da ke gaɓar Amurka ta Arewa mazauna ne da suka yi ƙaura, akasarinsu daga tsibiran Birtaniya, suna ɗaukar kansu 'yan ƙasa masu cikakken haƙƙi. Kowane yanki yana da majalisarsa da masu dukiya ke zaɓa, kuma ita ce ke yanka haraji, a wurare irin su Massachusetts da New York har albashin gwamna a hannunta yake. Idan sarki yana son kuɗin yaƙi, sakataren gwamnati ne ke rubuta wa gwamnoni takarda, su kuma su roƙi majalisu. Wasu su bayar, wasu su yi ta jan ƙafa. Wannan hanyar ce Grenville ya raina, kuma yana da hujja, domin a lokacin yaƙi wasu 'yan kasuwar yankunan sun ci gaba da ciniki da tsibiran Faransa ta bayan fage.

Da kwastan ya fara. Rahoton baitulmali na 1763 ya nuna abin da kwastan na Amurka ke tarawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da ake kashewa a kansu ba. Dalili a fili yake: manyan jami'an suna zaune a Ingila suna cin albashi, sun bar wakilai da ba su da abin dogaro sai toshiyar baki. Grenville ya ba da umarni kowa ya koma bakin aikinsa ko ya ajiye. Aka kuma rantsar da hafsoshin jiragen yaƙi a matsayin jami'an kwastan, aka ba su kaso daga duk kayan da suka kama. Wannan matakin ya sauya yanayin tashoshin jiragen ruwa, saboda hafsan soja ba maƙwabcin kowa ba ne a Newport ko Boston, kuma arzikinsa yana cikin kamun.

Sai dokar sukari ta Afrilun 1764, wadda ta fi kowace nuna yadda kansa ke aiki. Jigonta maɗin rake ne, wato baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari. Mutanen New England, wato yankunan arewa maso gabas, suna sayo shi daga tsibiran Caribbean su dafa barasa da shi. Tun 1733 akwai doka da ta sa sisi, wato kwabo shida, a kan kowane galan da aka sayo daga tsibiran da ba na Birtaniya ba. An yi ta ne don a kashe cinikin, ba don a tara kuɗi ba, kuma ba wanda ya bi ta: ana sallamar ma'aikacin kwastan da kwabo ko ahu, wato kwabo ɗaya da rabi, a galan, jirgi ya sauke kaya. Grenville ya rage kuɗin zuwa taro, wato kwabo uku, amma da niyyar a karɓe shi har ƙwandala. A takarda ragi ne, a aljihun ɗan kasuwa kuwa ninki biyu ne ko uku. Majalisar Rhode Island ta rubuta ƙorafi cewa cikin ganga kusan dubu 14 da suke shigowa da su a shekara, abin da tsibiran Birtaniya ke iya ba su bai wuce 2,500 ba, kuma suna da gidajen dafa barasa sama da talatin. Kada a manta inda wani kaso na barasar ke zuwa: jiragen Newport suna kai ta gaɓar Afirka ta Yamma, musamman gaɓar Ghana ta yau, su musanya ta da bayi. Su da kansu sun kawo wannan a cikin ƙorafin a matsayin cinikin da ya cancanci kariya.

Dokar ta kuma hana shigo da barasar ƙasashen waje gaba ɗaya, ta sa fam bakwai a kan babbar gangar giyar Madeira, ta ƙara katako da ƙarfe da fatu cikin kayan da aka ƙayyade inda za a kai su. Amma abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne sassan zartarwa. Kafin a ɗora kaya sai mai jirgi ya ajiye takardar lamuni. Ko ƙaramin kwalekwalen da ke kai itace daga wannan yanki zuwa wancan, muddin zai yi nisan kimanin mil shida daga gaɓa, sai ya riƙe takardar da ta lissafa kayansa ɗaya bayan ɗaya, alhali ofishin kwastan mafi kusa yana iya zama tafiyar yini. Kuskure ɗaya a lissafi yana iya cinye jirgi da kaya. Idan aka kama, mai kaya ne zai tabbatar da cewa ba shi da laifi, kuma sai ya ajiye fam 60 na jingina kafin a saurare shi. Ko ya ci shari'a, in alƙali ya rubuta cewa jami'in yana da dalilin zargi, ba shi da damar neman diyya. Kayan da aka ƙwace a tudu ana raba su uku: na sarki, na gwamna, na wanda ya kai ƙara. Ka ga duk wanda ke da hannu a kamun yana da riba a cikinsa.

Sannan ga batun kotu. A kotun gari mutum goma sha biyu daga cikin jama'a ne ke yanke ko mutum ya yi laifi, kuma ba sa kama maƙwabcinsu da laifin fasa-ƙwauri. Don haka dokar ta ba mai ƙara damar kai shari'ar kotun harkokin teku, inda alƙali ɗaya ke yanke hukunci, har aka buɗe sabuwa a Halifax ta Nova Scotia mai hurumi a kan Amurka duka. A aikace kotun Halifax ba ta ga shari'u da yawa ba. Barazanarta ce ta yi aiki, domin ɗan kasuwar Charleston ya san ana iya jan sa tafiyar fiye da mil dubu. Kuma mutumin da ya yi irin wannan laifi a tudun Ingila yana samun mutanen gari su saurare shi. Wannan bambancin ne ya fara sa mazauna Amurka tambayar ko su 'yan ƙasa ne na biyu.

Abin da ya faru da jirgin Polly a Afrilun 1765 ya isa misali. Jirgin ya bayyana ganga 63 na maɗi a Newport. Mai karɓar kwastan John Robinson ya bi shi har kogin Taunton, ya ƙirga ya tarar da ninki biyu, ya kama shi ya bar masu gadi biyu. Da dare mutane da suka shafa baƙi a fuska suka kwashe kayan, suka huda jirgin. Da Robinson ya dawo, shi aka kama bisa ƙarar diyyar fam 3,000, aka tasa ƙeyarsa a ƙasa tafiyar mil takwas zuwa gidan yari. Dokar tana da haƙora a Landan, amma ɗan sandan gari da alƙalin gari da mai gadin kurkuku duk mutanen gari ne.

Dokoki biyu sun biyo baya da suka ƙara gishiri a miki. Ta kuɗi, a 1764, ta hana yankunan da ke kudu da New England buga kuɗin takarda da za a tilasta wa mai bin bashi karɓa, saboda 'yan kasuwar Landan sun koka ana biyan su da takardar Virginia da darajarta ta faɗi. Wannan ya zo ne a lokacin da kasuwa ta mutu bayan tafiyar sojoji, azurfa ta yi ƙaranci, ga shi sababbin harajin da kuɗin Ingila ake lissafa su, sule biyar da sisi a kan kowane oza na azurfa. Ta masaukin soja kuma, a 1765, Janar Thomas Gage, kwamandan sojan Birtaniya a Amurka, ne ya nema. Ba ta ce a cusa soja a gidan da mutane ke ciki ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Ta ce majalisun yankuna su samar da bariki ko masauki ko gidajen da ba kowa, da itace da kyandir da gishiri da shimfiɗa da abin sha. New York ta ce wannan ma haraji ne da aka sauya wa suna.

Yanzu ga babbar, dokar hatimi. A Ingila tun 1694 ake karɓar irin wannan haraji ba tare da rigima ba, kuma dalilin da ya sa masu baitulmali ke son sa shi ne yana karɓar kansa da kansa. Ba lambar da ake mannawa ba ce irin kan sarkin wasiƙa. Takarda ce da ake buga wa hatimi mai tudu a Landan, a yi jigilarta zuwa Amurka, a sayar. Duk wata yarjejeniya ko takardar kotu da aka rubuta a kan takarda marar hatimi, banza ce a gaban shari'a. Wanda ya sayi gona ba zai yarda da takardar da ba za ta kare shi ba, don haka shi da kansa zai nemi hatimin. Ga kaɗan daga farashin: jarida mai rabin falle ɗari, wato rabin kwabo, mai cikakken falle kwabo ɗaya, kowace talla a jarida sule biyu, takardar lodin jirgi kwabo huɗu, kalandar shekara kwabo biyu, kartar caca sule ɗaya, ƙwayar caca sule goma, takardar mallakar fili da bai wuce eka ɗari ba sule ɗaya da sisi, shaidar kammala jami'a fam biyu, lasisin lauya fam goma. Takardar da aka rubuta da harshen da ba Ingilishi ba ninki biyu za ta biya, abin da ya shafi Jamusawan Pennsylvania kai tsaye. Buga hatimin jabu hukuncinsa kisa. Abin da ake sa ran tarawa kusan fam dubu 60 ne a shekara, ko kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sojan bai cika ba, kuma doka ta ce a kan tsaron yankunan za a kashe shi.

Yadda ya bi da shekarar da ta gabaci dokar shi ne wurin da na fi ganin laifinsa. Ya sanar da niyyarsa a Maris na 1764, ya ce ya ɗaga shekara guda don yankuna su faɗi ra'ayinsu, har ya nuna kamar za su iya tara kuɗin ta hanyarsu. Amma bai aika takardar neman kuɗi ta hannun sakataren gwamnati ba, wadda ita ce hanyar da kowa ya sani. Da wakilan yankuna da ke Landan suka same shi a Mayu suka tambayi nawa ake so daga kowane yanki, bai ba su adadi ba, sai ya shawarce su da su amince da harajin tun kafin su ga rubutunsa. A gefe guda kuma sakatarensa Thomas Whately yana ta tattara bayanan irin takardun da ake amfani da su a kotunan Amurka yana tsara dokar. A ranar 2 ga Fabrairun 1765 Benjamin Franklin da Jared Ingersoll da wasu wakilai biyu suka sake zuwa. Ya tambaye su ko za su iya daidaitawa a kan kason da kowane yanki zai biya, ya san ba za su iya ba, kuma ba aikinsu ba ne. Da takardun koke suka iso daga Virginia da Connecticut da sauransu, majalisa ta ƙi ko karanta su, bisa al'adar cewa ba a karɓar koke a kan dokar kuɗi. Mutum 49 ne kawai suka ja da ita a ƙuri'ar farko, a kan fiye da 200. Ta zama doka ranar 22 ga Maris, za ta fara aiki 1 ga Nuwamba.

Hujjar da ɓangarensa ya kafa ita ce kowane ɗan majalisa yana wakiltar daular gaba ɗaya, kuma garuruwa irin su Manchester da Birmingham ba su da kujera amma suna biyan haraji. Lauyan Maryland Daniel Dulany ya rusa wannan da magana ɗaya mai sauƙi. Ɗan majalisar da ya ɗora wa mutumin Manchester haraji ya ɗora wa kansa da masu zaɓensa, don ƙasa ɗaya suke. Wanda ya ɗora wa mutumin Maryland kuwa sauƙi ya samar wa aljihunsa. Ba abin da zai taka masa birki. Shi ya sa ƙanƙantar harajin ba ta kwantar wa kowa da hankali ba: in aka yarda da kwabo a yau, an yarda da ƙa'idar, kuma ranar da gwamna ya daina jiran albashi daga majalisar yanki, ranar ce majalisar ta zama taron hira.

To me ya sa abin ya rushe da sauri haka? Na farko, dubi waɗanda harajin ya taɓa. Dokar sukari ta fi cizon 'yan kasuwar arewa, manomin taba a Virginia bai damu sosai ba. Hatimi kuwa ya shiga kowane yanki a rana ɗaya, kuma ya faɗa kan lauyoyi da masu buga jarida da masu jiragen ruwa da masu gidajen shaye-shaye inda ake taruwa ana karanta jarida. Duk mai baki da alƙalami a ƙasar an taɓa shi. Da ɗan majalisa Patrick Henry ya gabatar da ƙudurorinsa na ƙin harajin a majalisar Virginia a ƙarshen Mayu, jaridun wasu yankuna suka buga har da waɗanda majalisar ba ta amince da su ba, masu zafin ciki, sauran yankuna suka ɗauka Virginia ta riga ta yi gaba suka bi sahu.

Na biyu shi ne raunin da ke cikin ginin dokar kanta. Takardar hatimi ba ta fita sai ta hannun mai rabawa, kusan mutum ɗaya a kowane yanki. Grenville ya zaɓi 'yan ƙasa don ya faranta rai, har Franklin ya ba da sunan abokinsa John Hughes a Pennsylvania, Ingersoll ya karɓi na Connecticut. Amma ɗan ƙasa yana da gida da shago da iyali a gari. Ranar 14 ga Agusta aka rataye mutum-mutumin Andrew Oliver, mai raba hatimin Massachusetts, a bishiya a Boston, da yamma aka rushe ginin da ake zaton ofishinsa ne, aka farfasa gidansa, washegari ya yi alkawarin sauka. Ranar 26 aka wawashe gidan mataimakin gwamna Thomas Hutchinson, mutumin da a ɓoye ya yi adawa da dokar. Gwamna Francis Bernard ba shi da 'yan sanda, mayaƙan sa-kai na gari kuwa su ne cikin taron. Sojan da aka ce don su ake karɓar harajin suna can Kanada da Florida da bakin daji. Sauran yankuna suka ga dabarar ta ci. Mahaya ɗaruruwa suka tare Ingersoll a hanyar Hartford ya ajiye, na Maryland ya gudu New York. Kafin 1 ga Nuwamba kusan babu mai rabawa ko ɗaya da ke tsaye. Cikin yankuna goma sha uku, Georgia kaɗai aka sayar da ɗan hatimi, don a sallami jiragen da suka maƙale a Savannah. Wasiƙa kuma tana cin mako shida zuwa takwas kafin ta haye teku, don haka duk umarnin da ya fito daga Landan yana amsa halin da ya riga ya wuce ne.

Na uku, makamin da aka ce zai tilasta biyayya ya juya kan mai shi. An ce ba hatimi ba shari'a, sai kotuna suka rufe. Wa ya yi asara? 'Yan kasuwar Landan da Bristol da Glasgow da ke bin Amurkawa bashin fiye da fam miliyan huɗu, ba kotun da za su kai ƙara. Jami'an kwastan kuma, da jirage suka cika tasha ga matuƙa marasa aiki suna yawo a gari, suka fara ba da takardar fita suna rubuta cewa hatimi bai samu ba. A Oktoba wakilai 27 daga yankuna tara suka zauna a New York suka rubuta matsaya ɗaya, haɗin kan da ko barazanar yaƙi da Faransa ba ta sa sun yi ba a 1754. A ƙarshen watan 'yan kasuwar New York kusan 200 suka sa hannu za su daina odar kaya daga Birtaniya, Philadelphia da Boston suka bi. Duk abin da dokar ta tara bai wuce fam dubu uku da 'yan kai ba, mafi yawa daga tsibiran Caribbean, bai ko biya kuɗin buga takardun ba.

Grenville bai ga wannan daga kan kujera ba. Sarki George na Uku ya gaji da dogayen wa'azinsa, suka kuma saɓa a kan dokar riƙon sarauta da ta so ta cire sunan mahaifiyar sarki, aka sallame shi a Yulin 1765 aka kawo Lord Rockingham. Ba batun Amurka ne ya kayar da shi ba. Daga kujerar adawa ya kira abin da ke faruwa tawaye. A muhawarar 14 ga Janairun 1766 ya ce kariya da biyayya tare suke tafiya, Birtaniya tana kare Amurka, dole Amurka ta yi biyayya, in ba haka ba a gaya masa yaushe aka 'yanta su. William Pitt, fitaccen ɗan majalisa kuma mijin ƙanwarsa, ya mayar masa cewa shi ma yana son a gaya masa yaushe aka mai da su bayi, ya ƙara da cewa yana murna da Amurka ta ƙi. A Fabrairu Grenville ya nemi a zartar da dokar ko da ƙarfi, aka kayar da shi da ƙuri'a 274 a kan 134. Aka soke ta da 275 a kan 167, sarki ya sa hannu ranar 18 ga Maris. Amma a rana ɗaya aka kafa wata doka da ta ce majalisa tana da ikon yi wa yankunan doka a kowane al'amari ba togiya. An janye harajin, an bar ƙa'idar Grenville a tsaye, tsugune ba ta ƙare ba.

Adalci ya sa a faɗi inda yake da gaskiya. Ba ɓarawo ba ne, ba a san shi da cin hanci ba a zamanin da hanci ya zama ruwan dare, kuɗin da ya nema kaɗan ne, kuma tsohuwar hanyar roƙo ta nuna gazawarta. Waɗanda suka yi ta kukan za a mai da su bayi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasarsu bayi ne na gaske a hannunsu, kuma wani ɓangare na fushinsu na hana su cinye filayen 'yan asalin ƙasa ne. Sai dai su ma suna da amsa a kan kuɗin: ba su nemi sojan ba, barazanar Faransa ta kau, suna biyan bashin yaƙin da majalisunsu suka ci, kuma dokokin ciniki da suka tilasta musu saye da sayarwa ta hannun Birtaniya wani haraji ne da ba a rubuta ba. Abin da Grenville ya kasa gani shi ne sakacin da ya tarar, da toshiyar bakin da kawar da kan, su ne farashin da daular ke biya don ta mulki mutum kusan miliyan biyu daga nisan mil dubu uku ba tare da 'yan sanda ba. Akwai shaida a kan haka. A 1766 aka mayar da kuɗin maɗi kwabo ɗaya a galan, a kan na waje da na Birtaniya duka. Da ya zo daidai da abin da ake ba ma'aikaci a ɓoye, sai 'yan kasuwa suka gwammace su biya a fili, kuma wannan kwabon ya zama abin da ya fi kawo wa baitulmali kuɗi daga Amurka har yaƙi ya ɓarke.

Bai sauka daga ra'ayinsa ba har ya mutu. A Janairun 1767 shi ne ya matsa a majalisa cewa yankuna su ɗauki nauyin sojansu, har ministan kuɗi Charles Townshend ya yi alkawarin samo kuɗi daga Amurka. Daga nan aka sami harajin gilashi da dalma da fenti da takarda da ganyen shayi, sai soja a Boston a 1768, sai harbin da soja suka yi wa mutanen Boston a Maris na 1770, sai zubar da shayi a teku a Disamban 1773, sai dokokin ladabtarwa na firaminista Lord North a 1774. A 1778 majalisar Landan ta kafa doka cewa ba za ta ƙara ɗora wa yankunan haraji don tara kuɗin shiga ba, wato abin da Franklin da Ingersoll suka je roƙo a ofishin Grenville shekara goma sha uku kafin nan. A lokacin Amurkawa sun riga sun ayyana 'yancin kai, sun kama rundunar Birtaniya guda a Saratoga, sun ƙulla ƙawance da Faransa a Fabrairun shekarar, kuma majalisarsu ta ƙi tattaunawa da wakilan da suka kawo tayin.